Zanen Makara a Cikin Wasan Gem

A ƙasan adudun kayana, ƙarƙashin atamfofin zuwa biki, akwai wani zane da ban taɓa ɗaurawa ba tun da ya zo hannuna. Zanen saƙi ne, baƙi mai ɗigon fari awa jikin zabuwa, mai nauyi. Kakata ce ta gurza audugar, ta kaɗa zaren da mazarinta, anka rina a marina, masaƙin garinmu ya saƙa shi tsiri-tsiri, ita kuma ta haɗa tsirin da allura. Garin nan yanzu yana ƙarƙashin ruwan Kainji. Ranar da anka kwashe mu a jiragen ruwa, da wanga zane Inna mahaifiyata ta goya ni. Ni ban tuna ba, ita ta faɗa mini, ba sau ɗaya ba.

Aikinshi ɗaya ne a zuri'armu. In mace ta rasu, an yi mata wanka an sa ta a likkafani, shi ake shimfiɗawa bisa makara har a kai ta makwancinta. Maza su dawo da shi, mu wanke a bakin ruwa, mu shanya a inuwa, a turara shi, a ninke. Ya rufe kakata. Ya rufe yayata da ta rasu wurin haihuwa. Ya rufe Inna. Ranar da anka kai Inna, ƙaya ta kama shi a hanyar maƙabarta, ya yage kamar tsawon ɗan yatsa, ni kuma da na zo ɗinkewa ban sami baƙin zare a gidan ba, sai ja. Na ɗinke da jan, da niyyar in sake daga baya. Ban sake ba.

Inna kan ce mini, "Bayan ni, ke." Ba da tsoratarwa take faɗi ba. Ni ma in na buɗe adudu na taɓa shi, hankalina kwanciya yake. Na san abin da zai rufe ni.

Ɗan farina kuwa, ba ni faɗin sunanshi. Haka munka taso munka tarar. Yana barin nono ƙanwar mijina ta ɗauke shi zuwa Kaduna, can ya yi karatu, can ya yi gemu. Ita yake kira Inna, ni kuwa Gwaggo. In ya zo ganin gida, zai durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon murhu. In ina da magana da shi, autata nake faɗa ma, ko da yana zaune a tabarma ɗaya da ita. "Ki ce ma wancan tuwo na hucewa." Matan unguwarmu a Warra har misali suke da ni, suna cewa kunyar wance ta isa. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan yabo.

Da ya koma Legas ya kama aiki, na daɗe ban san mene ne aikin ba. Autata, wadda ke koyarwa a firamare kuma ita ke riƙe da wayar da ake kiran gida, ita ta yi mini bayani wata rana muna feɗe kifi.

"Inna, kin san gem? Wasan nan da 'yan acaba ke dannawa a waya, mutum na gudu yana harbi?"

"Na gani. To shi wasa yake yi har a biya shi?"

"Shi ba ya bugawa, haɗawa suke. Shi ɓangarenshi tufafi ne da rushe-rushe. Shi ke koya ma kwamfuta yadda riga take kaɗawa in iska ta buga, da yadda katanga ke faɗuwa."

Na ce, "Duk karatun nan, ashe wanki da shanya ya je koyo."

Ta yi dariya har wuƙa ta faɗi daga hannunta.

Wata ranar da la'asar ina gaban tanderun banda, hayaƙi na cin idona, ta shigo da waya a hannu ta buɗe muryar wayar don in ji. Wancan na Legas ne, na ji shi sarai. Ya ce suna haɗa wani wasa da zai faru a wani gari na bakin kogi irin namu, kuma tufafin da kwamfutarsu ta sani duk na Turawa ne, ba su faɗuwa yadda namu ke faɗuwa. Ya ce, "Ki ce wa Gwaggo ta tattaro min zannuwa, musamman na saƙin hannu in ana samu. Ko tsummokara ne, ba komai."

Autata ta ƙara da nata, tana ɗaga mini gira. "Inna, zanenki zai shiga duniya. Har Turawa sai sun gan shi."

Tambaya biyu ta zo mini baki. Me za a yi da su? Za a maido? Wayar tana nan tsakanina da ita, ko taku biyu babu. Sai na juya kifi na ce, "Ki ce mishi an ji."

Bayan ta tafi na zauna ina tunani. Mutumin nan ya kai shekara arba'in a duniya bai taɓa roƙona ko ruwan sha ba. Yau ya roƙa. Batun tsumma na ɗauke shi kara ce kawai, irin ta wanda ba ya son ɗora ma mutane nauyi. In aika tsumma, a buɗe a gaban abokan aikinshi, Yarbawa da Inyamurai, a ce ga kayan gidan su wane? A zatona hoto za su ɗauka, su rataya shi a gaban fanka su kalla, su ninke. Me kuma za a yi da zane?

Na ciro atamfa biyu da mayafi ɗaya, na sa baƙin a tsakiyarsu. Ban nuna ma autata ba, don na san bakinta.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ma kowa ba sai yanzu. Na yi ajin yaƙi da jahilci da girmana, ina rubutu daidai gwargwado. Na yagi takarda daga littafin jikata na rubuta: "Baƙin na makara ne. A kula da shi. A maido." Na soke ta da allura a jikin zanen. Na ɗaure ƙunshin. Sai kuma na tsaya. Wasiƙa zuwa ga ɗan fari, da hannuna? Ina bambancinta da in kira sunanshi a tsakar gida? Na ga kamar Inna na kallona. Na kwance ƙunshin, na zare takardar, na jefa ta a wutar banda. Washegari ranar kasuwa na shiga jirgi zuwa Yelwa da kwandon kifina, na ba direban motar Legas ƙunshin a tasha.

Damina ta sauka, ruwa ya cika har gindin gonakin shinkafa. A cikin watannin nan ɗiyar kawuna ta rasu a wani ƙauye wajen Shanga, anka aiko a karɓi zanen. Na ce ya yi tafiya. Matar da anka aiko ta dube ni.

"Tafiya? Zanen ne ya yi tafiya?"

"Yana wurin wancan na Legas. Yana nan dawowa."

Da atamfa mai zanen agogo anka rufe baiwar Allah. Abin ya tsaya mini a rai. Na sa autata ta tambaya ko kaya sun isa lafiya. Ya ce sun isa, kuma baƙin nan ya fi duka, kowa a ofis maganarshi yake. Na ji sanyi. Ban ce ta tambayi yaushe zai dawo ba. Na ce a raina kada ya ga kamar ina mishi rowa.

Bayan babbar salla ya zo. Da hantsi, bayan an karya, ya sa anka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, ya buɗe kwamfutarshi, ya ce ma autata, "Ki ce wa Gwaggo ta zo ta ga kayanta."

Na zauna daga gefe, ina tsince shinkafa a faifai, ina kallo da wutsiyar ido.

Gari ne a cikin gilashin kwamfutar, na ginin ƙasa, da jirage a ɗaure bakin ruwa, da taru a shanye bisa sanduna. Har kaji. Ya shiga da mu wani gida, ga igiyar shanya daga rumbu zuwa katanga. Ga atamfofina biyu suna ta filfilwa. Ga baƙin zanen a tsakiya.

Na ajiye faifan.

Duk wadda ta taɓa shanya saƙi ta san ba ya rawa awa atamfa. Iska sai ta yi ta turawa kafin ya yarda, ya ɗaga daga ƙasa a hankali, ya yi ciki, ya koma ya kwanta da nauyinshi. Haka wannan ke yi. Gefen da ya ɗan zazzago saboda yawan wanki, ga shi nan a zazzage. Ya matso da hoton kusa, sai ga jan zarena, ɗinkina mai karkata, har inda na ƙulla sau biyu. Ban san lokacin da na matso har kafaɗata ta kusa taɓa tashi ba. Na miƙa yatsa na taɓa gilashin. Sanyi kawai na ji.

Autata ta ce, "Inna ta manta da kunya yau!" Tana dariya, idonta bai kai ga jan zaren ba tukuna.

Shi ma ya yi murmushi. Ya ce, "Ai ba ku ga komai ba."

Ya danna. Wani mutum ya faɗo gidan da bindiga. Wani abu ya fashe a bayan katanga, ta tsage daga sama, ta jingina, ta zube tubali-tubali, ƙura ta tashi. Na taɓa ganin katangarmu ta faɗi shekarar ambaliya, kuma wallahi haka take yi. Azara ɗaya ta faɗo ta soki zanen ta ja shi ƙasa. Bai yage a tsakiya ba. Ɗinkin kakata ne ya fara saki, tsiri ya rabu da tsiri, da ƙara ɓar-ɓar-ɓar, sannan zaren kansa ya fara tsinkewa ɗai-ɗai. Wurin jan zaren ya riƙe, ya riƙe, shi ne na ƙarshe. Sai wuta ta kama. Atamfofin sunka tafi nan da nan. Shi kuwa ci take a hankali, jan baki na tafiya, hayaƙi fari, yadda audugar kaɗin hannu ke ci.

Autata ta daina dariya. Ta ce, "Yaya, mayar da shi baya. Matso da wurin can." Ya matso. Ta daɗe tana kallon jan zaren. Ta ce, "Yaya, ta yaya kwamfuta ta san yadda yake yagewa?"

Ya gyara zama. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka a gidan nan ba, kuma da murna yake yi.

"Ai ba ta sani ba, mu muka koya mata. Hoto ba ya isa. Sai an yanka shi gida-gida, a auna nauyin kowane yanki, a bushe da kuma a jiƙe. Akwai injin da ke kama gefe biyu ya yi ta ja har ya tsinke, yana rubuta ƙarfin da ya ci. Wasu mu huda, wasu mu ƙona, kyamara na ɗauka. Atamfa kwana uku muka gama da ita. Baƙin nan kuwa wata biyu ya ba mu wahala, don kowane zare da kaurinsa. Wanda ya kaɗa shi gwani ne." Ya danna wani wuri. Katanga ta miƙe, wuta ta ɓace, zanen ya koma igiya lafiya lau yana ɗagawa. "Kin gani? A nan ba ya ƙarewa. Ko sau dubu aka yaga shi."

Autata ta juyo gare ni. "Inna. Wane zane kinka sa a ƙunshin nan?"

Na jawo faifaina.

"Inna, ina tambayarki!" Ta miƙe ta shiga ɗaki, na ji ta buɗe adudu, na ji atamfofi na faɗuwa ƙasa. Ta fito hannu biyu a ka. "Innalillahi. Yaya, zanen makara kunka yanka. Zanen da anka rufe Kaka da shi. Shi za a rufe Inna da shi."

Ya dubi gilashin, ya dube ta. A hankali ya rufe kwamfutar. Sai ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Gwaggo, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Bakina ya buɗe wajen autata, yadda ya saba. "Ki ce mishi..."

"A'a," in ji ta. "Ni na gama aike. Ga ki ga shi. Tun ina 'yar shekara bakwai nake ɗaukar magana daga wannan gefen tabarma zuwa wancan. Ga abin da ya haifar."

Sai na dube shi. Na ga furfura a gemunshi. Na ga goshin Inna sak, har da jijiyar nan da ke tashi in ranta ya ɓaci. Ban san yana da shi ba.

Na ce, "Ban saba yi maka magana ba."

Can ya ce, "Ni kuma ban taɓa ganin zanen nan ba sai a Legas. Da Kaka ta rasu, sai ranar sadakar uku aka faɗa min. Na ce tsumma, Gwaggo. Da bakina na ce tsumma."

"Na ji ka."

"Ko 'yar takarda ce ai da kin sa."

Nan ne na tashi na koma wurin banda, ko da yake ba kifi a kai.

Ya yi ƙoƙari, ba zan ɗauki alhakinshi ba. Ya ce zai nemo masaƙi ko a Kano ne, a saƙa irinshi, tunda kwamfutarshi ta san adadin zaren da ke kowane tsiri. Na ce ma bango, ba autata ba, ba shi ba, ko kwamfutar ta san hannun kakata ma? Ya ce zai roƙa a cire shi daga wasan. Bayan ya koma ya kira ya ce ba ya yiwuwa, wasan ya riga ya fita, yana cikin wayoyin mutane a ƙasashen da shi kanshi bai sani ba.

Abin da ya rage ya aiko a kwali. Yankuna ne masu faɗin tafin hannu biyu, kowanne da 'yar takarda manne da lamba. Wasu gefensu ya babbake, wasu sun miƙe sun yi shara-shara inda injin ya ja. Har ƙanshin ya tafi, warin magani suke. Na zazzage su bisa tabarma na yi ta juyawa ina neman mai jan zare. Babu. Autata ta tambaye shi. Ya ce shi sunka ƙona na ƙarshe, don suna son su ga yadda wuta ke yi in ta iso ɗinki.

Labari ya zaga dangi. Matan da ke misali da kunyata su ne sunka fara zuwa jaje, kowace da abin faɗinta. Ɗan birni ba ya san darajar komai ba, in ji su, boko ya cinye shi. Ban kare shi ba, don uwa ba ta kare ɗan fari a gaban mutane. Ban kuma ce musu na rubuta takarda na ƙona ba. Na bar su sunka zage shi a tsakar gidana ina zuba musu ruwa a moɗa. Wannan ma yana cikin abin da ke cina.

Na yi kusan wata ina haɗa yankunan, kullum bayan azahar in rana ta karkata ido na gani. Wannan karon na sami baƙin zare. Da na gama na kwanta bisa gado na ja shi a jikina don in gwada. Daga ƙirji ya tsaya a gwiwa. Kuma ba ya faɗuwa yadda ya saba, ɗinki ya yi mishi yawa, ya ƙage awa buhu.

Wata ranar kasuwa a Yelwa, na sauke kwandona kusa da rumfar masu cajin waya. 'Yan acaba uku, magidanta da gemunsu, sun haɗa kai bisa waya ɗaya suna jiran fasinja. Na ji ƙarar nan, ɓar-ɓar-ɓar. Ko cikin barci na san ta. Ɗaya ya ce, "Kai, sake harbin baƙin nan, ka ga yadda yake yi, kamar gaske!" Sunka kwashe da dariya. Ya ɗago ya gan ni tsaye.

"Inna, acaba?"

Na ce a'a, na ɗauki kwandona.

Da na dawo gida na kira autata na nuna mata yadda za a yi in ranata ta zo. A fara shimfiɗa atamfa, wadda ta samu, sannan a ɗora wannan daga sama, ta wajen ƙirji. Na ce, "Ki kuma faɗa ma wancan..." Ba ta bar ni na ƙarasa ba. Ta danna lambarshi, ta sa mini wayar a tafin hannu, ta fita ta ja labule.

Ya ɗauka, ya kira sunanta. Na ce ba ita ba ce. Na ji ya tashi daga inda yake, hayaniyar ofis ta yi nisa.

Na ce, "In an kira ka an ce na tafi, kada ka jira sadakar uku. Ka zo ka kama makarar ta wajen kai. Ka ga abin da ya rage da idonka, ba a gilashi ba."

Ina jin numfashinshi.

"To, Gwaggo."

Na jira ko zai ƙara. Shi ma ina jin jira yake. Ban san yadda ake kashe wayar ba, sai na kife ta bisa gado, na ninke abin da na ɗinka, na mayar ƙasan adudu. Dā shi kaɗai ke cika gindin adudun. Yanzu sai da na cusa tsohon ɗankwali a gefe don kada atamfofin su zame.